Lissafin kampanoni: a tura shi ta intanet, amma a bar talaka ya gani

Na san zancen da na zo da shi yau ba irin wanda ke tada hayaniya a fada ba ne. Da an ce "lissafin kampani" sai ka ga ana hamma, wani ya ce a zuba shayi na biyu. Amma ku ɗan yi haƙuri da ni har ƙarshe, don wanga zance ya ci wa gidanmu kuɗi, kuma na tabbata akwai irinmu da yawa cikin masu karanta wannan rubutu.

Yayana mai walda ne a Maraɗi. Ƴan shekarun baya wani kampani da ya samu kwangilar gina ajujuwan makaranta ya ba shi aikin ƙofofi da tagogi, a kan miliyon 3 da jika 400. Aka ba shi avansi miliyon ɗaya. Ya ɗauko sauran ƙarfe bashi wurin wani Alhaji a kasuwa, ya ƙaro yara biyu, suka yi wata biyu suna aiki, har da dare in an samu wuta. Ya kai kaya, aka kakkafa, aka sa masa hannu a takarda. Daga nan sai "dawo gobe", sai "mu ma ba a biya mu ba", har aka wayi gari lambar wayar ta bar shiga, biron da suke haya kuma ya koma wurin saida kayan sanyi.

Wani dare bayan isha ya kira ni, ya ce, "Kai da ka yi boko, ba ka iya gano muna ko mutanen ga suna da wani abu? In suna da shi, in kai ƙara. In babu, kar in ƙara kuɗin lauya bisa asara."

Na ce, "Yaya, ai doka ta ce kowane kampani ya aje lissafinsa duk shekara. Bari in tahi in dubo maka."

Na faɗi haka da ƙarfin gwiwar wanda ya karanta abu a littafi bai taɓa gwada shi ba. Sau uku ina zuwa biron da aka kwatanta mini. A na ukun wani dattijon ma'aikaci ya tausaya mini, ya buɗe ƙofar wani ɗaki ya ce, "Ɗana, duba da idonka." Dosiye ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, an ɗaɗɗaure su da igiya, ƙura ta rufe. Ya yi ƙoƙari ya tono mini wanda nake nema. Abin da ke ciki takardar buɗe kampani ce, da sunan shugaban, da jarin da suka ce sun zuba ranar farko. Lissafin shekara ko ɗaya babu.

Ban ga laifin dattijon ba. Mutum ɗaya ba ya iya bin dubban dosiye da hannu har ya san wa ya kawo, wa bai kawo ba. Tsarin ne ya gaza. Shi ya sa nake goyon bayan a wajabta wa kampanoni su riƙa tura lissafinsu na shekara ta intanet, cikin tsari guda wanda na'ura ke iya karantawa. Sai dai goyon bayan nawa da sharaɗi ne: abin da aka tura ya zama kowa na iya buɗe shi, kyauta. In aka yi na farko aka bar na biyu, an dai sauƙaƙa wa masu karɓar lanho aikinsu, amma yayana yana nan inda yake.

Mu fara da abin da ke akwai, don wasu na zaton doka ake nema sabuwa ful. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993 don ƙasashen su yi aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya. Tun 1 ga Janairu 2018 kampanoninmu ke bin sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA. A ƙarƙashinsa shekarar lissafi tana ƙarewa 31 ga Disamba, kuma cikin wata huɗu bayan nan kampani ya kammala takardu huɗu. Akwai bilan, wanda ke nuna abin da kampani ya mallaka da bashin da ke kansa a ranar ƙarshe ta shekara. Akwai takardar riba da asara, mai nuna abin da ya shigo, abin da aka kashe da abin da ya rage. Akwai takardar shige da ficen tsabar kuɗi, wadda ke gaya maka ko ribar da aka rubuta ta zama kuɗi a hannu, ko tana can bashi wurin mutane. Ta huɗu kuma bayanai ne da ke fayyace alƙaluman, har da yawan ma'aikata da abin da aka biya su.

Dokar kampanoni ta OHADA, wadda aka sabunta a Wagadugu a 2014, ta ƙara wani abu a aya ta 269. Ta ce kampani ya kai waɗannan takardu rajistar kasuwanci, wato RCCM, cikin wata ɗaya bayan an amince da su. Ta ba duk wanda abin ya shafa damar ya nemi alƙali ya tilasta wa shugaban kampanin da ya ƙi ajewa. Ta kuma ce ana iya ajewa ta hanyar na'ura. Ku lura da kalmar da kyau: ana iya. Ba ta ce dole ba. A ɓangaren UEMOA ma, tun 2009 aka ba da umarni kowace ƙasa ta buɗe taga guda ta karɓar lissafin kampanoni, don kar mai kampani ya riƙa yawo da kwafi daga wannan biro zuwa wancan. Ke nan doka ta riga ta yarda cewa lissafin kampani ba sirrin maigida ba ne. Abin da ya rage shi ne siffar da ake aje shi, da ƙofar da za a bi a gan shi.

Wani zai ce, to mi ne ne wahala, a ɗauki hoton takardun a zuba a intanet mana, shi ke nan. Hoto ko PDF ya fi ɗaurin igiya, wannan gaskiya ne. Amma har yanzu sai mutum ya zauna ya bi shafi shafi, ya kwafe alƙaluma da hannu. In kana son ka san kampanoni nawa ne suka ci kwangila alhali ba su da ma'aikaci ko ɗaya, sai ka buɗe takarda dubu ɗaya bayan ɗaya. Wa ke da wannan lokaci?

Tsarin da ƙasashe suka fi ɗauka don warware wannan sunansa XBRL. Wani kwantabul ɗan Amurka, Charles Hoffman, shi ya soma aikinsa a 1998. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kowane adadi a cikin lissafi ana liƙa masa alama mai gaya wa na'ura wannan kuɗin mene ne, na wane kampani ne, na wane lokaci ne, kuma da wane irin kuɗi aka ƙirga shi. Misali, maimakon 45.000.000 tsirara a kan layi, na'ura za ta karanta cewa wannan bashin da masu kawo kaya ke bin kampani kaza ne, a ranar 31 ga Disamba, da sefa. Alamomin kuma ba kowa ke ƙirƙiro nasa ba. Hukuma ce ke fitar da ƙamus guda, kowa ya ɗauka daga ciki. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwannin ƙauye ya san amfanin haka. In tiyar wannan ta fi ta wancan zurfi, ba ka iya cewa wa ya fi araha sai an zuba a ma'auni ɗaya.

Abu biyu ke biyo bayan haka. Na farko, na'ura tana duba lissafin tun a bakin ƙofa. In dukiyar da aka rubuta ba ta yi daidai da jari da bashi a haɗe ba, ko an bar wani gurbi na dole ba a cika ba, nan take za ta maido maka. Na biyu, ranar da wa'adi ya cika ba sai an tono ɗaki ba, dannawa ɗaya ta isa a fitar da sunayen duk waɗanda ba su aje ba. Akwai ma wani nau'in tsarin da ake kira iXBRL, wanda takarda ɗaya ce mutum ke buɗewa ya karanta kamar shafin intanet, ita kuma na'ura tana karanta alamomin da ke ƙarƙashi. Ga masu damuwa da dogaro da ƙasashen waje, kuma damuwa ce mai kyau, tsarin a buɗe yake, ba a biyan kowa kuɗin lasisi kafin a yi aiki da shi, kuma ana iya aje bayanan nan cikin ƙasa.

Wannan fa ba mafarkin ƴan boko ba ne. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta wajabta shi a 2009, ta fara da kampanoni mafi girma, saura suka biyo baya zuwa 2011. Indiya ta soma a 2011 da manyan kampanoni. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga kampanonin da ke kasuwar hannun jari daga lissafin shekarar 2020, ko da yake annobar korona ta sa ƙasashe da dama suka jinkirta da shekara ɗaya. A Ingila, tun Afrilu 2011 kampani ba ya kai takardar harajinsa sai ta intanet, tare da lissafinsa cikin wannan tsari. A 2015 kuma rajistar kampanoninsu ta buɗe bayananta na intanet kyauta ga kowa. Yau kana zaune a Tawa, in dai kana da rezo, kana iya rubuta sunan wani kampanin Landan ka ga lissafin da ya aje da sunayen shugabanninsa, ba ka biya ko dala ba. Ka gwada haka da kampanin da ke bayan gidanku, ka zo ka ba ni labari.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Afirka ta Kudu, don nahiyarmu ɗaya, kuma sun yi tunani a kan wa za a ɗora wa nauyin. Hukumar rajistar kampanoninsu, CIPC, ta wajabta iXBRL daga 1 ga Yuli 2018, amma ba a kan kowa ba. Suna da wani awo na maki da ke nuna yadda kampani ya shafi jama'a. Kowane ma'aikaci maki ɗaya ne. Kowane miliyon ɗaya na kuɗinsu, rand, a cinikin shekara maki ɗaya. Kowane miliyon ɗaya na bashin da mutanen waje ke bin kampanin maki ɗaya. Kowane mai hannun jari shi ma maki ɗaya. Kampanin da ya kai maki 350 dole mai bincike na waje ya duba lissafinsa, kuma dole ya tura shi ta wannan tsari. Wanda ya kai 100 shi ma haka, in ma'aikatansa na cikin gida ne suka haɗa lissafin. Kampanonin gwamnati da masu saida hannun jari ga jama'a suna ciki ko makinsu nawa ne. Ƙanana kuma aka ba su gajeriyar takarda su cika. Hikimar a fili take: gwargwadon yawan mutanen da za su wahala in ka faɗi, gwargwadon abin da za ka buɗe.

To mu dawo gida. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Tun 2011 matatar SORAZ ke aiki a jihar Damagaram. Yanzu ga bututun mai daga Agadem har gaɓar teku a Benin. Duk wannan arziki ta hannun kampanoni yake bi kafin rabon ƙasa ya iso baitulmali. Tsohon kundin tsarin mulkin 2010, a aya ta 150, ya ce a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da aka biya gwamnati a jaridar hukuma, kampani bayan kampani. Ƙa'ida ce mai kyau, amma rabin labari take ba ka. In aka ce maka kampani kaza ya biya harajin riba kaza, ta yaya za ka san abin da ya kamata ya biya ke nan? Harajin riba daga ribar da aka bayyana ake yanke shi. Ribar kuma ana iya ƙanƙantar da ita a takarda, ta hanyar kumbura kuɗin da aka ce an kashe, ko bashin da aka ce an ciwo wurin uwar kampanin a waje da ruwa mai tsada. Ba ka ganin wannan sai lissafin yana gabanka, kuma kana iya jera shi da na bara da na bara waccan, da na wani kampanin mai irin aikinsa.

Ku tuna 2020, lokacin da binciken kwangilolin ma'aikatar tsaro ya fito, aka yi ta maganar sefa miliyar 76 na ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba. Ba ina cewa na'ura ce za ta hana irin wannan ba. Amma ku duba tambayoyin da muke yi duk sa'ad da irin wannan labari ya ɓullo. Kampanin nan yaushe aka buɗe shi? Ma'aikata nawa gare shi? Mi ya saida bara kafin a ba shi kwangilar miliyoyi? Duk waɗannan tambayoyi ne da rajista da lissafin shekara ke amsawa. Da suna a buɗe, ɗan jarida ko ɗalibi ɗaya mai kwamfuta zai iya yinsu kafin a biya kuɗin, ba bayan shekaru ba.

Kuma kar mu tsaya kan manyan badaƙaloli kaɗai. Ka ɗauki ma'aikacin da aka ce masa wata uku babu albashi don kampani ba shi da kuɗi. Ka ɗauki matar da ke dafa wa ma'aikatan wani kampani abinci a biya ta ƙarshen wata. Ka ɗauki mai tipa da ke kai yashi. Dukansu bashi suke ba kampani, ko sun sani ko ba su sani ba. Banki ba ya ba da bashi sai ya ga bilan. Su kuwa cinikin biri a sama suke yi.

Yanzu bari in zo kan abin da masu adawa da wannan ra'ayi ke faɗi, don na tattauna da su, kuma wasu maganganunsu suna da nauyi.

Na farko suna cewa ƙasar da wuta ke ɗaukewa, rezo ke yankewa, ƴan kasuwa da yawa ba su yi boko ba, ta yaya za ka ce dole sai ta intanet? Amsata ita ce ba mai tebur ake nufi ba, ba kuma mai shagon unguwa ba. SYSCOHADA kansa ya riga ya ware ƙanana, ya ba su tsari mai sauƙi na rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita: ɗan kasuwar da cinikinsa na shekara bai kai miliyon 60 ba, mai sana'ar hannu ƙasa da miliyon 40, mai aikin hidima ƙasa da miliyon 30. A bar waɗannan su sha iska. Kampanin da ke neman kwangilar miliyon ɗari biyar kuwa, yana da kwantabul, kuma kwantabul ɗin da kwamfuta yake haɗa lissafin tun asali. Abin da ake yi yanzu shi ne a haɗa a na'ura, a buga a takarda, a kai biro, wani ya sake kwafewa cikin wata na'urar in ya samu lokaci. Wannan zagayen ne ake son a yanke.

Na biyu suna cewa mai ƙarya ai zai yi ƙaryarsa, ko a takarda ko a na'ura. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata mu ruɗi kanmu ba. A Afirka ta Kudun da na yaba, kampanin Steinhoff ya rushe a Disamba 2017, binciken da aka yi daga baya ya gano cinikin bogi na kusan yuro miliyar 6 da rabi. A Jamus, a Yuni 2020 aka gano yuro miliyar 1,9 da Wirecard ya ce yana da su babu su, alhali shekara da shekaru masu bincike suna sa hannu a lissafinsa. A Ingila ma rajistarsu ta daɗe tana karɓar abin da aka ba ta ba tare da ikon tantancewa sosai ba, har mazambata suka riƙa buɗe kampanonin bogi da adireshin gidajen mutane, sai a 2023 aka yi dokar da ta ƙara mata iko. Na'ura tana duba ko lissafi ya haɗu, ba ta duba ko mai shi ya faɗi gaskiya. Amma wannan hujja ce ta a buɗe wa jama'a, ba ta a rufe ba. Badaƙalar Wirecard ƴan jarida ne suka yi shekaru suna tono ta, suna bin alƙaluman da kampanin ya fitar da kansa. Mai kawo kaya ya san nawa yake bi. Ma'aikaci ya san su nawa ne a wurin aiki. In lissafin ya ce wani abu daban, su ne za su fara ganewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an bar mutane sun leƙa shi.

Na uku shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai. Wani ɗan kasuwa ya ce mini, "Malam, kana son a buga abin da na mallaka a intanet, a ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa?" Duk ɗan jihar Maraɗi ya san abin da mutanen yankin Madarumfa da Gidan Rumji suka sha, don haka ban ɗauki maganarsa da wasa ba. Ga yadda nake ganin abin. Ɗan kasuwar da ke aiki da sunansa, wanda in ya ci bashi ana iya bin gidansa da gonarsa, lissafinsa ya tsaya tsakaninsa da hukuma. Adireshin gidan mutum da lambar wayarsa kuma kar su fito ko na wane ne. Amma wanda ya buɗe SARL ko SA, doka ta yi masa wata babbar alfarma: in kampanin ya faɗi, a ƙa'ida asararsa ta tsaya kan jarin da ya zuba, ba a taɓa gidansa. Wa ke ɗaukar sauran asarar? Irin su yayana. Wanda al'umma ta yi wa wannan rangwame, abin da take nema wurinsa shi ne ya nuna halin da kampanin ke ciki. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi masa aski.

Na huɗu, wasu na cewa duk wannan dabara ce ta ƙara matse mutane da haraji. Na fahimci inda tsoron ya fito. Mun ga yadda aka kawo faktir ta na'ura, mun ga ana biyan haraji ta intanet. Inda hukuma za ta karɓa, zamani yana saurin isowa. Ba na adawa da haka, ƙasa ba ta tafiya sai da haraji, kuma gara a karɓe shi wurin manyan da ke ɓoye riba da a riƙa bin mai tebur. Abin da nake cewa shi ne hanyar ta zama mai zuwa da dawowa. In kampani ya tura lissafinsa sau ɗaya, ya isa ga DGI, ya isa ga rajista, ya isa ga babban banki, to ya iso gare mu mu ma.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, da bakinmu da alƙalaminmu. A maida "ana iya" ta aya ta 269 ta koma "dole" ga manyan kampanoni, kuma a bi mataki mataki kamar yadda Amurka ta yi. A fara da kampanonin gwamnati irin su NIGELEC da SONIDEP, don namu ne, kuma mai cewa a yi shi ya kamata ya fara. Sai na ma'adinai da man fetur da na waya, sai duk wanda ke cin kwangilar gwamnati mai tsoka. A fitar da ƙamus guda na alamomi bisa SYSCOHADA. Tunda ƙasashe 17 ke aiki da tsarin lissafi ɗaya, aikin da aka yi sau ɗaya zai yi wa kowa amfani, har a iya kwatanta kampanin Yamai da na Bamako ko Abijan. A samar da manhaja ta kyauta don kar abin ya zama wata sabuwar hanyar cin kuɗin mutane. A buɗe shafi inda za ka rubuta suna ko lambar NIF ka ga ko kampani ya aje ko bai aje ba, ka buɗe bilan ɗinsa daga wayarka. Sannan a sa doka mai haƙori: wanda bai aje lissafin bara ba, dosiyensa ba ya shiga takarar kwangilar bana. Wannan kaɗai zai yi aikin da tara ba ta yi ba. Wanda zai yi ƙorafi a kai kuma, to, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai rabonmu a ciki mu matasa, kuma ba na kallo ba. Duk shekara jami'o'inmu, daga Abdou Moumouni ta Yamai zuwa Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram da Djibo Hamani ta Tawa, suna yaye masu ilimin lissafin kuɗi da na kwamfuta, da yawansu suna zaune. Irin wannan tsari su zai nema, masu liƙa alamomi, masu rubuta manhaja, masu karanta alƙaluma su fassara wa jama'a da Hausa da Zabarmanci. Bayanan da aka buɗe babu mai karanta su, da su da ɗaurin igiya duk ɗaya. Don haka in kana cikin waɗannan, ka fara tun yanzu. Ka buɗe rajistar Ingila a wayarka, ka zaɓi kampani ɗaya, ka koyi karanta bilan. In kuma wani kampani zai ba ka aiki ko ya ɗauki kayanka bashi, ka tambaye shi lissafin bara ba tare da jin kunya ba, ka san cewa aya ta 269 tana bayanka.

Yayana bai kai ƙara ba. Ya saida babur ɗinsa, ya yi shekara da ƴan watanni yana biyan Alhajin ƙarfe kaɗan kaɗan, yaran nan biyu da ya ƙaro kuma ya sallame su. Yanzu duk kampanin da ya zo masa da aiki sai ya ce a ba shi kashi biyu cikin uku tun farko, abin da ya sa ayyuka da dama suka wuce shi, har da na mutanen kirki masu biya. Kwanan baya na nuna masa a wayata yadda ake buɗe lissafin wani kampani na Ingila. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To mu, ƙane, mi ya hana a yi muna haka?" Ban samu amsar da zan ba shi ba, shi ya sa na kawo tambayar nan, mu kai ta inda ya dace.